Wayar Hannu, Ma'aikacin Lafiya Da Tsofaffinmu



Kafin in ce uffan, ya wajaba in miƙa godiyata ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, waɗanda suka ga ya dace in tsaya gaban wannan taro mai albarka. Ni dai ɗalibi ne, sanina bai taka kara ya karya ba, kuma na tabbata a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin sha'anin asibiti nesa ba kusa ba. Saboda haka in na yi tuntuɓe sai ku gyara mini, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da zan yi magana a kansa shi ne manhajojin wayar hannu waɗanda aka ƙirƙiro domin su taimaka wa ma'aikatan lafiya wajen kula da tsofaffi, da kuma dalilan da kan sa ma'aikacin lafiya ya karɓi irin wannan manhaja hannu bibbiyu, ko kuwa ya jefa wayar cikin durowa ya koma ga biro da takardarsa. Watakila wani ya ce, ina ruwan samari da zancen tsufa? To, bari in fara da labarin da ya sa na shiga wannan bincike, sa'an nan ku yi hukunci da kanku.

Shekara biyu da suka wuce, lokacin hutu, na raka kakata, wadda ta haifi mahaifina, zuwa ƙaramin asibitin garinmu saboda ciwon gwiwa. Kafin wannan lokaci ta daɗe da daina zuwa biki da suna, ta bar tsintar shinkafa, in kuwa ta ɗauko ƙwarya sai ta yi ta laluben bango. Mu duka a gida amsarmu ɗaya ce, watau tsufa ne. Da muka shiga, sai muka tarar da malamar asibiti ita kaɗai, ga mata masu goyo da masu juna biyu cike da baranda suna jiranta. A kan teburinta akwai manyan littattafan rajista, ga kuma wayoyi biyu na aiki, ɗaya ta rigakafin yara, ɗaya ta awon ciki. Ta gaida kakata da ladabi, ta ce, "Iya, ina ke miki ciwo?" Iya ta nuna gwiwa, aka ba ta magani, muka fito. Ba wanda ya tambayi idonta, mu ma ba mu faɗa ba. Sai bayan wata takwas, da wani baffana ya kai ta birni, aka gano yana ce ta rufe mata ido duka biyu. Aka yi mata aiki a ɗaya. Ranar da aka cire bandeji ta ƙura mini ido, ta ce, "Kai, ashe har gemu ka fara?"

Jama'a, ban ga laifin malamar nan ba ko kaɗan. Abin da aka horar da ita a kansa ta yi, abin da ake tambayarta a ƙarshen wata shi ta cika. A duk littattafai da wayoyin da ke kan teburin nan, babu ko ɗaya da ke da gurbin tsoho. Ita kuwa yanar ido ba ƙaramar matsala ba ce a ƙasar nan. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan mutane masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu iri ce wadda ake iya hanawa ko warkarwa. Ku duba fa, mutum nawa ne ke zaune a ɗaka yau, an yanke musu hukuncin tsufa, alhali kuwa aikin da bai kai sa'a guda ba zai mayar musu da ganinsu?

Daɗin daɗawa, yawan tsofaffi ƙaruwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya, kuma za su kai biliyan 2.1 a shekarar 2050, mafi yawansu kuwa a ƙasashe masu tasowa irin tamu. In Allah ya ba mu tsawon rai, nan da shekara 40 mu ne tsofaffin da ake magana. Amma tsarin kiwon lafiyarmu na matakin farko, wanda ya samo tushe daga taron Alma-Ata na 1978, ya kuma kankama zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985, ya fi mai da hankali ga uwa da jariri. Wannan ba aibu ba ne, domin a nan mutuwa ta fi ɓarna. Sai dai tsoho ya zauna a bayan layi. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a ƙasar nan, a asibitin koyarwa na Ibadan. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Duk waɗannan abin yabo ne. To, amma tsohuwar da ke ƙauyenmu yaushe za ta ga Ibadan ko Abuja? Likitanta na farko, sau da yawa kuma na ƙarshe, shi ne malamin ƙaramin asibiti. In ba a sa ilmin kula da tsoho a hannunsa ba, to, ba a sa shi ko'ina ba.

A nan ne wayar hannu ta shigo. Tun da aka fara wayar salula a Nijeriya a 2001, ta ratsa birni da ƙauye, ta isa inda kwalta da wutar lantarki ba su isa ba. Ma'aikatan lafiyarmu kuwa ba baƙin aiki da ita ba ne. A lokacin yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa, an riƙa ba masu bi gida-gida wayoyi masu nuna inda suka taka, domin a gane unguwa ko rugar da aka tsallake a koma mata, har Allah ya sa a 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Saboda haka duk wanda ya ce ma'aikatanmu ba za su iya da na'ura ba, bai san su ba.

Game da tsofaffi kuwa, misalin da ya fi dacewa mu duba shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira ICOPE. Ta fitar da ƙa'idojinsa a 2017, sa'an nan a 2019 ta fitar da littafin jagora tare da manhajar waya domin ma'aikatan lafiya na matakin farko. Hikimar tsarin ita ce, maimakon a jira tsoho ya kawo kuka, ma'aikaci shi zai bincika abubuwa 6 waɗanda ƙarfin tsoho ya dogara a kansu: tunani, da motsi, da cin abinci, da gani, da ji, da kuma halin da zuciya ke ciki. Gwajin mai sauƙi ne. A wajen tunani, za a faɗa wa tsoho kalmomi 3, a tambaye shi kwanan wata da inda yake, sa'an nan a ce ya maimaita kalmomin. A wajen motsi, za a ga ko zai iya miƙewa daga kan kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da ya dafa da hannu ba. A wajen abinci, za a tambaya ko ya rage fiye da kilo 3 cikin wata 3 ba da niyya ba, ko kuwa ya daina jin daɗin cin abinci. Za a tambayi idonsa, a yi masa raɗa a ga ko ya ji, a kuma tambaye shi ko cikin mako 2 da suka shige baƙin ciki ya lulluɓe shi ko ya daina sha'awar abin da ya saba so. Duk inda aka ga rauni, manhajar za ta nuna wa ma'aikaci mataki na gaba. Da a ce an yi wa kakata waɗannan tambayoyi ranar nan, da ta tsira daga wata takwas na duhu.

To, jama'a, tun da abin yana da amfani haka, me zai hana a saya wa kowane asibiti waya a huta? Ai ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tun a 1989 wani masani Ba'amurke, Fred Davis, ya nuna cewa abu biyu ne ke sa ma'aikaci ya karɓi sabuwar na'ura: ya ga tana da amfani ga aikinsa, ya kuma ga tana da sauƙin sarrafawa. Maganar kamar ba ta da nauyi, amma rashin kiyaye ta ya kashe shirye-shirye masu yawa. A ƙasar Yuganda, ƙungiyoyi sun yi ta shigo da manhajojin gwaji iri-iri, kowace da wayarta da tsarinta, ba mai jituwa da wata, har a 2012 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta dakatar da sababbin shirye-shirye irin waɗannan sai an daidaita su. A ganina akwai sharuɗɗa 4 waɗanda sai an cika su malamar asibitin garinmu za ta ɗauki waya ta uku da zuciya ɗaya.

Sharaɗi na farko shi ne manhajar ta rage mata aiki. A wurare da dama ma'aikaci kan rubuta bayanin majiyyaci a kati, ya sake rubuta shi a rajista, sa'an nan da yamma ya zauna ya shigar da shi cikin waya domin wani babba a ofis ya samu alƙaluman da zai kai taro. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ku kwatanta wannan da manhajar Simple, wadda aka fara amfani da ita a Indiya a 2018 domin bin sawun masu hawan jini, cutar da ta fi damun manya, wadda kuma kan kai su ga shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda suka tsara ta sun yi ta yadda nas za ta shigar da awon majiyyacin da ya dawo cikin ƙasa da minti ɗaya, tana aiki ko babu intanet, sa'an nan tana fito wa nas da jerin sunayen waɗanda ranar dawowarsu ta wuce domin a kira su. Watau ma'aikaciya ta ba wa wayar kaɗan, wayar ta mayar mata da mai yawa. Irin wannan ba sai an tilasta wa kowa ba.

Sharaɗi na biyu shi ne manhajar ta san harshenmu da al'adarmu. Bari in kawo misalai biyu ku auna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da manhajar hearWHO ta gwajin ji, inda mutum kan saurari lambobi uku-uku ana faɗarsu cikin hayaniya, ya danna abin da ya ji. Da Turanci ta fara fitowa. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai faɗi wannan gwaji ko da kunnensa ya fi na zomo. Amma manhajar Peek Acuity ta gwajin gani, wadda aka jarraba a Nakuru ta ƙasar Kenya a kan masu shekara 55 zuwa sama, aka buga sakamakon a 2015, alama guda take nunawa mai yatsu uku tana jujjuyawa, mutum ya nuna da hannu inda ta fuskanta. Ba ruwanta da boko. Haka nan tambayar kwanan wata: malamin da ya san yau biyar ga Sha'aban kuma Jumma'a ce, amma bai san ko nawa ga watan Turawa ba, in aka rubuta cewa ya ruɗe an zalunce shi. Tsohuwa ba ta san kilo ba, amma ta san zaninta ya fara yi mata yawa. Mai neman sanin ƙarfin gwiwar dattijo, ya tambaye shi tun yaushe ya fara salla a zaune. Sa'an nan ga kunya: dattijuwa ba za ta buɗa wa sa'ar jikarta cewa baƙin ciki na cin ta ba, amsarta kullum lafiya lau, alhamdu lillahi. Ma'aikaciyar da ta ga tambayoyin wayar suna ba ta amsar da ta san ba gaskiya ba ce, ba za ta daɗe ba za ta yar da ita.

Sharaɗi na uku shi ne a ɗauke wa ma'aikaci nauyin wayar. Wa zai sayi data? Ina za a yi caji a asibitin da ake karɓar haihuwa da fitilar hannu? In allon ya fashe ko aka sace wayar, daga albashin wa za a cire? Wa za a kira in manhajar ta ƙi buɗewa? Sau da yawa akan tara ma'aikata a yi musu bita ta kwana biyu a otal, a raba wayoyi, a ɗauki hoto, daga nan ba a sake jin ɗuriyar kowa. In aka yi wa wanda ya halarci bitar canjin wurin aiki, ilmin ya tafi da shi. Haka kuma akwai amanar sirri. Bayanin ciwon mutum ba kayan talla ba ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu. Ma'aikaci yana bukatar ya san inda bayanan da ya shigar suke zuwa, domin shi ne zai haɗa ido da mutanen gari.

Sharaɗi na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne a samu magani bayan gwaji. Akwai masu cewa kuɗin waya gara a sayi magani da shi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. In manhaja ta nuna tsoho yana da yana amma babu hanyar kai shi inda za a yi masa aiki, ko ta nuna jininsa ya hau amma kantar maganin asibiti wayam, to, an ƙara masa damuwa kawai, an kuma zubar da mutuncin ma'aikacin a idon gari. Gobe ba wanda zai kawo tsohonsa, shi ma ma'aikacin ba zai sake buɗe manhajar ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk hukumar da ta ce a gwada tsofaffi, wajibi ne ta tanadi tabarau, da maganin hawan jini da na ciwon suga, da takardar turawa babban asibiti wadda za a girmama in an kai ta. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 kan amfani da na'urorin zamani a kiwon lafiya, ta yi gargaɗi cewa na'ura ba ta maye gurbin tsarin lafiya mai aiki.

Bayan waɗannan, ina da 'yar nasiha ga 'yan'uwanmu masu karatun likita da aikin jinya. A al'adarmu, latsa waya gaban babba rashin tarbiyya ne. Tsohon da ya shigo ya ga yarinya ta duƙufa kan allo, zai ɗauka an wulaƙanta shi, ya kuwa kama bakinsa. Saboda haka a fara da gaisuwa cikakkiya, a tambayi iyali da gajiya, sa'an nan a ce, "Baba, zan rubuta abin da ka faɗa mini a cikin wayar nan domin kada in manta." Rabin ciwon tsoho a tafiyarsa da fuskarsa da shirunsa ake ganinsa, wannan kuwa sai idon mutum.

Shugaban taro, saura in faɗi abin da ya rataya a wuyanmu. Ku 'yan'uwanmu da kuka riga kuka kama aikin gwamnati, wata rana fayil zai zo teburinku ana neman a sayi wayoyi dubu domin asibitoci. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: an shawarci waɗanda za su yi aiki da su? Wane littafi za a ɗauke musu a madadin wayar? Wa zai biya kuɗin data bayan masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu? Ku ɗaliban kimiyyar kwamfuta, kafin ku zana manhaja, ku je ku wuni a ƙaramin asibiti ranar awo, domin gani ya kori ji. Ku ɗaliban Hausa da sauran harsunanmu, fassara tambayoyin nan ta yadda dattijo zai gane, ya kuma amsa ba tare da jin kunya ba, aikinku ne, ba wanda zai zo daga waje ya yi mana shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 domin inganta lafiyar tsofaffi, ta kuma sa ranar 1 ga Oktoba ta kowace shekara ta zama ranarsu. Ina ba da shawara ƙungiyarmu ta riƙa fita a wannan rana, tare da malamanmu na asibitin koyarwa, zuwa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da jami'a, bayan an shirya inda za a tura duk wanda aka samu da matsala.

Mu duka kuwa, in mun koma gida hutu, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Kowa ya zauna da kakansa ko kakarsa ya lura: tana gane fuska daga nesa? Sai an ɗaga murya yake ji? Tuwon da ake kai mata yana dawowa? Ya daina fita majalisa? In an ga alama, kada a ce tsufa ne a yi shiru, a kai shi a duba. Addininmu da al'adarmu sun haɗu a kan kyautata wa iyaye in girma ya kama su, kuma abin da muka shuka yau shi 'ya'yanmu za su girba mana.

 Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu tsufa mai albarka.